Toyi Ba Gobara Ba Ne: Wutar Daji da Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Bahaushe bai taɓa ɗaukar wutar daji a matsayin abu guda ba. Yana da toyi, wato wutar da mutum ya sa da gangan domin wata bukata. Yana da gobara, wadda ta ƙwace ta yi ɓarna. Manomin Masama, a ƙasar Gwandu, da ya yi sassabe da bazara, ya tara kututturan dawa da rassan sabara tsibi-tsibi ya cinna musu wuta, bai yi gobara ba. Amma a bakin hukuma da gidajen rediyo duk an dunƙule su cikin kalma ɗaya, "ƙona daji", an kuma jera ta cikin miyagun ɗabi'u. Ra'ayina shi ne, wannan dunƙulewa ta binne wani ilimi, kuma tono shi aikin manazarta Hausa ne kafin ya zama na masana gandun daji.

Abin da ya faru a wata nahiya zai haskaka batun. A arewacin jihar Minesota ta Amurka akwai dazuzzukan jan fayin, dogon itace mai ganye kamar allura. An daɗe ana ɗauka tsawa ce kaɗai ke tayar da wuta a cikinsu. Da masu bincike suka yanka tsofaffin kututture suka ƙirga zoben shekarun da ke jikinsu, sai suka ga tabon wuta ya fi yawa a wuraren da al'ummar Anishinabe ke yada zango da hanyoyin kwalekwalensu. Mutanen sukan sa ƙaramar wuta akai-akai don share ƙarƙashin itatuwa da ƙara yabanyar wasu shuɗɗan 'ya'yan itace da suke ci. Bayan an tsare su a keɓaɓɓun yankuna, aka kuma hana wuta a farkon ƙarni na 20, dajin ya cushe, jan fayin ya rage haihuwa. Dajin da ake yabo da cewa hannun mutum bai taɓa shi ba, ashe hannun ne ya rene shi.

Mu ma an yi mana irin wannan karatu na baibai. A 1935 Stebbing, wani Baturen gandun daji, ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ɗora laifi a kan noman sassabe da kiwo da wuta. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 ba ta gaskata fargabarsa ba, amma zargin ya zauna daram. Abin mamaki, gwajin da Turawan da kansu suka fara a Olokemeji a 1929 ya nuna wuta iri-iri ce: filin da ake ƙonawa da wuri ya fi wanda ake ƙonawa a ƙarshen rani yawan itatuwa. A kudancin Mali ma, binciken Paul Laris ya nuna manoma da makiyaya na sa wuta tun farkon rani, gutsure-gutsure, ta yadda babbar wuta ba ta samun abin ci idan ta zo.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san daji. Da kaka, ciyawa na da sauran danshi, raɓa na sauka da dare. Wuta takan lashi sama-sama ta mutu da kanta, saiwar gamba ta sake tofo, dabbobi su samu ɗanye. Da bazara kuwa komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, wutar takan kashe 'yan itatuwa har ta bar ƙasa tsirara gaban ruwan farko. Kalgo da sabara da geza, waɗanda suka cika saurukan wannan yanki, itatuwa ne masu sake tofowa daga kututture bayan sara ko wuta. Yawansu kansa tarihi ne na yadda aka yi mu'amala da ƙasar.

Kada a fahimce ni da kiran a koma cinna wa daji wuta. Olokemeji ta fi Gwandu ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma tsakanin Gwandu da Kalgo yau gona ta haɗe da gona, saura ta yi ƙaranci, kara da harawa sun zama kuɗi. Wutar da yara ke sa wa don gafiya ɗaya tana iya cinye abincin garke guda. Ƙa'idojin hukumar NESREA na 2011 kan ƙona daji suna da hujjarsu. Sai dai dokar da ba ta san bambancin toyin kaka da wutar bazara ba, hana mai hankali kawai take yi, marar hankali kuma ya ci gaba da dare.

A nan ne matsalarmu ta bambanta da ta Anishinabe. Su itacensu ya adana musu shaida shekara bi shekara, har jami'o'i suka dawo suna neman dattawansu. Mu sabara ba ta ajiye irin wannan lissafi; kundinmu yana bakin sarkin noma da sarkin dawa da arɗo da masu yankan gamba don zana. Ƙamus zai ba ka ma'anar toyi, ba zai gaya maka wa ke ba da izini ba, ko a wane wata, ko me ake yi wa wanda wutarsa ta ci rumbun wani. Mun cika kundayen digiri da kirarin mafarauta, muna nazarin salo da adon harshe, ba mu tambaye su yaushe suke sa wuta ba.

Ɗalibi ɗaya da na'urar ɗaukar magana, a rani guda, zai iya zagaya Masama da ƙauyukan Kalgo ya tattaro sunayen wuta da lokutanta da hukuncinta, cikin karin harshen yamma, da Fulatanci inda ya samu. Waɗanda suka ga dajin kafin farin 1973 sun haura shekara sittin yanzu.