Waiwaye: Fitilar da ke Dushewa a Hanyar Tenhiya

A shekarun 1980 da 1990, lokacin da Peugeot 504 a-kori-kura da Land Rover da tsofaffin Berliet ke riƙe da sufurin Damargu, akwai wata cuta da kowane direba ya sani. A tashi daga Tanut da magariba fitila fari tas, kafin a yi nisa ta koma ruwan ɗorawa, hon ya shaƙe, sai ka ji karen mota yana cewa, "Maigida, wuta fa tana ja da baya." A kan kwaltar Damagaram zuwa Agadas abin da sauƙi, ko ba komai wata mota za ta biyo. Amma gundumar Tenhiya, arewa da Tanut, ƙasar makiyaya ce. Yawancin rijiyoyinta da rugagenta sai an sauka daga kwalta an bi sawun taya cikin rairayi. A can, in fitila ta dushe sawun ne ke fara ɓacewa, raƙumin da ya gurfana a tsakiyar hanya kuwa ba a ganinsa sai an zo kansa.

Hukuncin da aka saba yankewa ɗaya ne: batir ya mutu. Da safe a tura mota, a kai batirin caji, ko a ci bashi a sayi sabo. Bayan 'yan kwanaki sabon ma ya kwanta, a ce ai jabu aka sayar wa mutum. Batura nawa aka zaga a ƙasar nan, ba su ji ba ba su gani ba!

Batir randa ce, altaneta ce mai zuwa rijiya. Aikin batir shi ne ya tada inji. Da inji ya tashi, altaneta ke ciyar da fitilu da duk wani abu mai cin wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. In mai ɗebo ruwa ta daina zuwa, sauya randa ba zai kawo ruwa ba. Sabuwar dai ta zo a cike, shi ya sa take ruɗin mutum na ɗan lokaci.

Tsofaffin direbobinmu suna da uzuri. Da yawansu a zamanin dainamo suka koyi mota, ko a hannun waɗanda suka koya a zamanin. Dainamo ba ya ba da wutar kirki sai inji ya ɗau gudu, don haka dushewar fitila in an sassauta ƙafa ba abin damuwa ba ce a lokacin. A taka totur ta dawo. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara fitar da motar kasuwa da altaneta, wato Valiant, a 1960, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare kusan duk sababbin motoci sun koma kanta. Motocin 504 da suka riƙa fitowa daga masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da altaneta suka zo. Ita kuwa ko inji yana tsaye yana bugawa a hankali tana caji. Fitilar da ke dushewa sosai a kan altaneta ba halin mota ba ne, ciwo ne.

Na'ura ta sauya, dabarar gwaji ta tsaya inda take. Har gobe za ka ga an tada inji an cire kan batir: in mota ta mutu a ce ba ta caji, in ta ci gaba a ce lafiya lau. Ban san al'adar gareji da ta ci kuɗin mutane kamar wannan ba. Altaneta wuta mai kai-da-komo take haifarwa, akwai wasu ƙananan abubuwa shida a cikinta, dayod, masu tilasta wa wutar bin hanya ɗaya. Batir ke shanye duk wani tsallen da wutar ta yi. A cire shi, tsallen ya faɗa kan dayod da regileta, a motocin yanzu kuma har da kwamfutar inji. Mota ta shigo gareji da fambel mai santsi, ta fita da altaneta ƙonanniya. Ga shi gwajin ma ba ya faɗin gaskiya: altanetar da ta rasa dayod ɗaya za ta iya riƙe inji, amma a kunna fitilu ta gaza. Haɗa wayar taimako a juye, jan kai a kan baƙi, shi ma nan take yake gamawa da dayod.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ga abubuwan farko ido da kunne sun isa. A kashe inji, a danna fambel da babban yatsa a tsakiyarsa. In ya lotsa fiye da kaurin yatsa, ko cikinsa ya yi ƙyalli, ko yana ƙara da safe in an kunna fitila, to yana zamewa, altaneta ba ta juyawa yadda ya kamata. A duba kawunan batir, ko farin gari ya taru ko sun yi sako-sako. Sannan a murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, a dubi jan hoton batir da ke gaban direba. Dole ya kama, ya kuma mutu da inji ya tashi. Wanda bai kama ba sam shi ne mugun, domin a tsofaffin motoci da yawa ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tada altaneta daga barci. Ƙwai ɗaya ya ƙone, caji ya tsaya, kuma babu abin da zai sanar da direba.

Daga nan sai mita. A da ba kowane mai gyaran wutar mota ke da ita ba. Yau sola da salula sun kawo ta kasuwannin Tanut da Balbeji, tana kan teburin masu gyaran waya. Batirin da ya huta ya kamata ya nuna bolt 12.6 in a cike yake, 12.2 rabi ke nan. A tada inji, a sake aunawa: 13.8 zuwa 14.4 shi ne lafiya. A kunna dogayen fitilu da fanka, a ɗan taka totur. In ya sauko ƙasa da 13 ya ƙi tashi, caji ya gaza. In ya haura 15 kuwa regileta ce ta saki linzami, batir zai riƙa tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, fitilu su yi ta ƙonewa. Manyan motoci masu batir biyu, sai a ninka lissafin: wajen 28. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke hawa da saukar da cajin da gangan, kada a yanke musu hukunci da awo ɗaya.

Wannan bambanci na bolt ɗaya ba ƙarami ba ne. Ƙwan halojin in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan ragu da kusan kashi 30.

Akwai kuma inda mita za ta nuna 14.2 a kan batir, fitila kuma tana nan a dushe. To ba ruwan altaneta. Yawanci wayar ƙasa ce, wadda ta haɗa batir da jikin mota da inji. Girgizar hanya tana kwance ta, tsatsa da ƙura su shiga tsakani. A ɗora bakin mita ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a jikin mota, fitilu a kunne. In ya wuce 0.2 ko 0.3, wuta tana zubewa a nan. Guntun sanfefa da sifana sun gama aikin da aka so a kashe wa kuɗin tunkiya. Fitila ɗaya ce kawai ta dushe? Wayar ƙasarta ce ko soket ɗinta, kada ma a buɗe wani abu.

In an tabbata ciwon yana cikin altaneta, ba lalle sai an sayi wata ba. Yawanci gawayin nan biyu ne da ke goga a jikin abin da ke juyawa suka cinye, kuma ƙurar Damargu, musamman ta hunturu, tana gaggauta cinyewarsu. Alamarsu caji mai zuwa yana ɗaukewa, jan hoto yana ƙifta ido a kan gargada. A tsofaffin Hilux masu gazuwal akwai ƙarin wata matsala: famfon iskar birki a bayan altaneta yake, in robarsa ta saki sai baƙin mai ya tsiyaya ciki ya dame da ƙura. A sa sabon gawayi a bar robar, aikin zai dawo. Dayod da ya lalace kuwa yakan zuƙe batir da dare mota tana ajiye, mai ita ya wayi gari yana zargin yara sun kunna rediyo.

Abin da ya fi damuna a yanzu shi ne gargaɗin da kansa yana ɓacewa. Farin ƙwan LED da matasa ke sakawa ba ya dushewa a hankali irin na da. Yana riƙe haskensa har batir ya kusa ƙarewa, sannan ya yi ƙifce-ƙifce ya ɗauke. Ga doguwar fitila a kan rufi, ga wayoyin fasinja duk a jone. Direban da ya saba karanta lafiyar caji daga launin fitila ya rasa littafinsa. Akwai 'yar mita da ake cusawa a ramin kunna sigari, lambarta tana gaban ido dare da rana. A ganina ta fi duk wani adon da ake liƙa wa mota amfani.

In jan hoton ya kama farat ɗaya ana cikin tafiya, a tsaya a buɗe bonet kafin komai. A tsofaffin injina fambel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa da fanka, in ya tsinke aka ci gaba, inji ne zai tafasa. In fambel yana nan, a kashe duk abin da ba dole ba, kada a kashe inji a kan hanya. Dogayen fitilun halojin biyu kaɗai suna cin wajen amfiya 10, kuma batirin amfiya 70 da ya sha zafin bazara ba zai kai mutum asuba ba. Wanda ke nesa da kwalta gara ya kwana inda yake, ya kama hanyar Tanut da hasken safiya.