Nauyin Jikin Dattijo Ba Lalaci Ba Ne

A unguwannin Hausawa na kudu, daga Sabo ta Ibadan har zuwa Agege, ba a rasa dattijon da a da shi ne kan gaba wajen sauke huhun goro, yau kuwa ko maɓallin riga sai ya daɗe bai saka ba. Takunsa ya gajarce, hannu ɗaya yana rawa. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu, maigida kuwa ya ce lalaci, ya sallame shi. Lalle wannan hukunci akwai zalunci a ciki.

Saurin motsi koyonsa ƙwaƙwalwa take yi. Can cikinta akwai wani curin jijiyoyi da likitoci ke kira basal gangiliya, wanda aikinsa ya dogara ga wani sinadari, watau dofamin. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Eric Yttri da Joshua Dudman, suka koya wa ɓeraye tura wani ɗan sanda. Duk sa'ad da ɓera ya tura da sauri sai su zaburar da wata hanyar jijiya a curin nan, sannu a hankali turinsa ya ƙara sauri. Da suka zaburar da ɗaya hanyar, sai saurin ya ragu. Ashe ƙwaƙwalwa tana lura da kowane motsi, tana gyara saurin na gaba, ba tare da mai jikin ya sani ba.

To, idan ƙwayoyin da ke samar da dofamin suka fara mutuwa, wannan ma'auni ne ke lalacewa. Ita ce cutar Fakinsin, wadda likita James Parkinson ya bayyana a Ingila tun 1817, ita ce kuma aka tabbatar wa ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Wa zai kira Ali malalaci?

Ba a warkar da ita, amma maganin levodopa yakan maido wa mutum saurinsa shekaru da dama. Akwai likitocin jijiya a asibitin koyarwa na Ibadan da na Idi-Araba a Ikko. Ya kamata sarakunan Hausawa da masu masauki su riƙa haɗa irin wannan dattijo da ɗan rakiya mai jin Yarabanci ko Turanci a kai shi can, tun kafin a yi masa karo-karon kuɗin mota zuwa gida.