Keken Guragu Ya Shiga Fim, Mai Keken Yana Waje

Mun saba da irin wannan ƙarshen fim. Azzalumin kawu ya cinye dukiyar marayu, sai a mintunan ƙarshe a turo shi a keken guragu, baki a karkace, mu kuma 'yan kallo mu ce alhaki ne ya kama shi. Shekara da shekaru finafinanmu na koya mana cewa shanyewar jiki hukunci ce. Jarumin kuwa lafiyarsa ƙalau, ana gama ɗauka zai miƙe ya kama gabansa. Mai keken na gaske, idan ya zo neman aiki, sai a cusa masa ɗari biyar a hannu a ce Allah ya ba da lafiya. Wannan ba tausayi ba ne, sallama ce.

Uzurin da ake bayarwa shi ne harkar fim aikin ƙarfi ce. Wane ƙarfi? Marubucin labari a zaune yake aiki, haka mai tace hoto da mai haɗa sauti. Kwamfuta ta kai inda ake sarrafa ta da murya, har ma da motsin ido. Christopher Reeve, jarumin Superman, ya faɗo daga kan doki a 1995, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, da na'ura yake numfashi. A 1997 ya ba da umarnin fim ɗin In the Gloaming daga kan kekensa. Yinka Shonibare, wanda ya tashi a Legas, yana ɗan shekara 18 ciwon laka ya shanye masa ɓarin jiki. Shi ke tsara aiki, mataimaka su ƙera, kuma a 2010 aka girke jirgin ruwansa na cikin kwalba a dandalin Trafalgar na Landan. Ba wanda ya ce aikin ba nasa ba ne. Fim ma haka yake, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za a ce ai waɗannan suna da kuɗi da gata. Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙar: abin da suka samu shi ne hanyar shiga. Mu kuwa ofis a saman bene, matakala a ƙofar sinima, banɗakin da keke ba ya shiga. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a 2024. Kowa ya duba unguwarsu ya ƙirga.

Mu a arewa bashin da ke kanmu ya fi na kowa nauyi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, yaran da cutar ta taɓa a lokacin yanzu sun haura shekara ashirin. Cikinsu akwai masu murya, masu alƙalami, masu idon kyamara. Ba su suka yanke wancan hukunci ba, amma su ke ɗauke da shi.

Furodusoshi, idan labari na da gurgu, a nemo gurgu ya taka rawar, a biya shi kamar kowa. A ba shi matsayin likita, ko alƙali, ko ango. Masu koyar da tace hoto su sauko da aji ƙasa. Mu 'yan kallo kuma mu daina tafa wa fim ɗin da ya mai da jikin 'yan'uwanmu bulalar hora miyagu.