Cikar Ciki Ba Ita Ce Ƙoshi Ba

Ina neman izini in yi magana a kan tukunyar gidajenmu.

Ku sani, ya 'yan'uwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ta samu noman rani. Ga shinkafa da tumatir da albasa da dankali, ga kifi a ruwa. Amma ranar Talata sai mu kai mai kyau duka kasuwa, yaro kuwa ya kwana da tuwo da tsululun miya. Wannan kuskure ne babba.

Masana lafiya sun ce aiki uku abinci ke yi. Gero da dawa da shinkafa da mai su ke ba da ƙarfi. Wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama su ke gina jiki. Ganye da 'ya'yan itace su ke tsare shi daga cuta. Murhu ke nan mai duwatsu uku, tukunya kuwa ba ta zama bisa dutse guda.

Na ga wannan da idona. Ina da wani almajiri mai hazaƙa, da rana yana biya allonsa sarai, amma da an yi magariba sai ya riƙa lalube yana karo da 'yan'uwansa. Na zaci shaƙiyanci ne, har na ɗaga masa bulala. Ashe dundumi ne. Malamin asibiti ya ce rashin bitamin A ke kawo shi, in aka yi sakaci kuma yana iya kai yaro ga makanta. Ya ba shi magani, ya ce a riƙa ba shi hanta da manja da zogale da kabewa. Ba a daɗe ba ya koma gani. Har yau ina jin kunyar bulalan nan.

Haka kuma shinkafa. In inji ya goge ta fari fat, bitamin B1 ya bi dusa. Gumin da matanmu ke yi, su turara ta cikin ƙaiƙayinta, shi ke shigar da shi cikin ƙwaya. Kada mu raina shi don jan launinsa.

To, ga roƙona. Ɗan kasuwa, kafin ka ɗaure buhun wake, fitar da mudun gida. In ka sari gishiri, sari mai aidin, shi ke hana maƙoƙo. Malam, ka tambayi abin da almajirinka ya ci kamar yadda kake tambayar haddarsa, gama amana iyayensa suka ba ka. Zogale kuwa reshe guda ake kafawa a bayan ɗaki ya kama.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci. Haza wasalam.