TSARE MAI TAƁIN HANKALI: WA KE RIƘE DA MABUƊI?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani irin ɗauri a ƙasar nan wanda ba sata ke jawo shi ba, ba kisan kai ba. Mutum ne ciwon ƙwaƙwalwa zai buge shi dare ɗaya, ya ɗauki wuƙa ko ya nufi rijiya, dangi su taru su danne shi. Ba mai musun cewa a wannan sa'a wajibi ne a riƙe shi, ko yana so ko ba ya so. Abin tambaya shi ne, wa ke da ikon ba da umurnin tsarewa, a ina za a ajiye shi, har kwana nawa, kuma wa zai sake shi?

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 35, ya yarda a tauye 'yancin mai taɓin hankali domin jinyarsa ko domin kare jama'a. Amma dokar da ta daɗe tana bayyana yadda za a yi wannan, ita ce Dokar Mahaukata ta 1958, wadda asalinta Turawan mulkin mallaka suka kafa tun 1916. A ƙarƙashinta, da takardar likita da sa hannun majistare an gama, an kai mutum gidan mahaukata, wani lokaci ma kurkuku, ya zauna cikin masu laifi shekara da shekaru ba tuhuma. Hankalinta ya fi karkata ga kawar da shi daga idon mutane, batun magani kuwa ko oho.

Inda hukuma ta yi sakaci, turu da mari suka cike gurbi. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince cewa majinyaci yana da hakki da mutunci. Madalla. Sai dai doka a takarda tamkar rijiya ce ba guga. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a fiye da miliyan 200, asibitoci irin na Barnawa, Kware, Maiduguri da Dawanau kuma sun yi wa mutumin ƙauye nisa.

A ganinmu abu huɗu ne ginshiƙi. Na farko, tsarewar gaggawa ta zama tana da iyaka a rubuce. A Ingila, ɗan sandan da ya ɗauke irin wannan majinyaci daga titi a ƙarƙashin dokarsu ta 1983, awa 24 aka ba da a duba shi. Dā awa 72 ne, aka rage a 2017. Na biyu, wurin ajiya ya zama asibiti, kada ya zama ɗakin 'yan sanda. Na uku, a sami wani alƙali ko kwamiti mai zaman kansa da majinyaci zai kai wa kuka, domin mun san rigimar gado ko ƙiyayyar kishiya na iya sa a laƙa wa mai hankali hauka. Na huɗu, majalisun jihohi su yi nasu dokokin, su ware kuɗi.

Masu cewa wannan tsarin Turawa ne, sai su tuna da Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda tun 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, ya zaunar da majinyata cikin ƙauyuka tare da danginsu, ana yi musu magani ba sarƙa.

Mu da ke karatun likita, shari'a da aikin gwamnati, gobe teburinmu waɗannan takardu za su zo. Kafin mu sa hannu, mu tambayi ranar sallama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, gama ciwon nan bai san mai digiri ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.