Lissafin Wakilai: Sirrin Zaɓen Fid da Gwani a Amurka

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Amurka galibi mutum ba ya tsayawa takarar shugaban ƙasa a ƙarƙashin tutar babbar jam'iyya sai ya ratsa zaɓen fid da gwani jiha bayan jiha. Abin da yake ɓoye ga mafi yawan masu sauraren labarai shi ne, yawan jihohin da ɗan takara ya ci ba shi ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne yawan wakilan da ya tara, wato waɗanda za su je babban taron jam'iyya su kaɗa masa ƙuri'a. Wannan tsari, duk da murɗaɗɗen lissafinsa, ya fi kusa da adalci fiye da yadda masu sukarsa suke ɗauka.

Asalin tsarin na yanzu rigimar 1968 ce, lokacin da jam'iyyar Dimokarat ta tsayar da Hubat Hamfiri a taronta na Cikago alhali bai shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba. Hargitsin da ya biyo baya ya sa aka sake dokoki, aka mayar da zaɓen wakilai hannun talakawan jam'iyya. A ƙa'idar Dimokarat, duk wanda ya sami kashi 15 cikin ɗari yana da rabo, kuma ana raba wakilai gwargwadon ƙuri'u. Rifablikan kuwa sun bar wasu jihohi su miƙa wa wanda ya zo na ɗaya wakilai kacokan. Alal misali, a 2016 Donal Turam ya sami kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un Karolina ta Kudu, amma ya kwashe wakilanta 50 gaba ɗaya.

Takarar Barak Obama da Hilari Kilinton ta 2008 ita ce ta fi fito da hikimar rabon gwargwado. Ranar 5 ga Fabrairu, Kilinton ta ci Niyu Jasi, jiha mai ɗimbin jama'a, ta sami wakilai 59, Obama 48, wato ratar 11. A ranar ce kuma Obama ya ci Aidaho, jiha mai ƙarancin mutane, da rinjaye mai yawan gaske, ya sami 15, ita 3, wato ratar 12. Ashe ƙaramar jiha ta shafe ribar babba, har da ragowa. Mutanen Obama sun gane cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai suka bazu ƙananan jihohin da aka raina suna tsintar wakilai. Bayan wannan rana Obama ya ci zaɓe 11 a jere, ya buɗe ratar da Kilinton ta kasa rufewa, ko da yake daga baya ta ci Ohayo da Fensilbaniya. Ranar 3 ga Yuni ya cika adadin 2,118 da ake bukata.

Daɗin daɗawa, lissafi ba ya tafiya shi kaɗai, sai da sanin irin mutanen da ke zaune a kowace jiha. Ayowa da Niyu Hamsha, waɗanda suka daɗe suna buɗe fage, kusan duk mazaunansu Turawa ne. A Karolina ta Kudu kuwa, fiye da rabin masu zaɓen Dimokarat baƙar fata ne. Shi ya sa a 2020 Jo Baidin ya zo na huɗu a Ayowa, na biyar a Niyu Hamsha, har aka fara yi masa jaje, amma da ya isa Karolina ta Kudu ranar 29 ga Fabrairu ya yi rinjaye, sauran jihohin kudu suka bi sahu. Baƙar fata ba su kai kashi 15 cikin ɗari na al'ummar Amurka ba, amma saboda sun taru a jam'iyya ɗaya da wasu jihohi sanannu, ba mai tsallake su ya kai gaci.

Masu suka suna da hujja. Talaka yakan ruɗe idan ya ji Kilinton ta fi ƙuri'u a Nebada amma Obama ya fi wakilai. Haka kuma akwai manyan jam'iyya kusan 800 da aka ba ƙuri'a a 2008 ba tare da an zaɓe su wakilai ba. Wannan aibi ne na gaske, kuma jam'iyyar ta rage musu ƙarfi a 2018. Amma aibin da aka iya gyarawa bai isa ya rushe tsarin da ke tilasta wa ɗan takara ya nemi yardar birni da ƙauye, fari da baƙi ba.

Ɗalibin tarihin Nijeriya ba baƙo ba ne ga irin wannan lissafi. A 1979 sai da Kotun Ƙoli ta warware ma'anar biyu bisa uku na jihohi 19 kafin Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki. Manufar ɗaya ce: kada mutum ya mulki jama'a da goyon bayan ɓangare guda. Sharaɗin kawai shi ne a san ƙa'idar tun kafin a shiga fage, a kuma bar ta yadda take bayan an ƙirga ƙuri'u.