Kafson Gwaggo Da Abin Da Muke Kira Ciwon Jijiya

Tun ranar da aka maƙala mini "Dakta" a gaban suna, dangi suka mayar da ni wurin kawo ƙarar ciwo. Na yi bayani har na gaji cewa daktancina na allo da alli ne, ban taɓa riƙe allura ba, amma kamar ina zuga su. Shi ya sa a watan jiya, da na je gida gaisuwa, Gwaggo ta jawo wata leda daga ƙarƙashin matashi, ta zazzage kwalayen magani a kan tabarma, ta ware guda ɗaya ta miƙo mini. Ta ce, "Ɗan nan, karanta mini wannan. Shi ya jawo mini abin kunya a unguwa." A jikin kwalin an rubuta Pregabalin, miligiram 75.

Gwaggo ta haura shekara goma tana fama da ciwon suga. A 'yan shekarun nan tafin ƙafarta ya fara yi mata zafi da dare kamar ta taka garwashi, wani lokaci kuma kamar ana tsira mata allura. Likita ya rubuta mata wannan kafso, ya ce ta fara da ɗaya da dare, daga baya ya ƙara mata na safe. Kafin mako biyu ta soma samun barci. Ana nan sai wata maƙwabciyarta, tsohuwa da ta girme ta, ta shigo tana kukan baya da gwiwa, tana cewa jijiya ce ta matsa mata. Gwaggo, da yake hannunta a buɗe yake, ta ce ai maganin jijiya ne da ita, ta ɓallo guda huɗu ta ba ta. Tsohuwa ta sha, ta yi barci mai nauyi, ta ɗauka sauƙi ne ya zo. Da suka ƙare sai ta aiki jikanta kemis da fankon katin. Mai kemis bai nemi takardar likita ba, kuma da yake ba shi da mai 75, sai ya ba da mai 150. Ashe kuma tana shan Tramadol saboda gwiwar. A rana ta biyar ta tashi da asuba za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta a bakin makewayi, ƙashin ƙugunta ya karye. Sai a asibiti aka gano cewa ƙodarta ta daɗe da yin rauni.

Da labari ya iso wa Gwaggo, tsoro ya kama ta, ta ajiye nata kafson rana ɗaya. Bayan kwana biyu barci ya ƙaurace mata, ga gumi, ga tashin zuciya, ga faɗuwar gaba ba dalili, wutar ƙafa kuma ta dawo. Ita a ganinta alhakin maƙwabciya ne ke bin ta.

Na ɗauki takardar da ke cikin kwalin na karanta tsaf, na kuma zauna da abokan aikina na tsangayar haɗa magunguna. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne rawar da harshenmu ya taka a wannan hatsari. A Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce. Igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce. Zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki shi ma jijiya ne. Likita idan ya ce "maganin ciwon jijiya", wannan ta ukun kaɗai yake nufi, mai sauraro kuwa ya haɗa duka ukun, har da ciwon gaɓoɓi da gajiyar noma. Pregabalin, da ɗan uwansa Gabapentin, ana ba da su ne domin raɗaɗin da ke tasowa idan zaren saƙon da kansa ya lalace, kamar yadda suga ke cinye jijiyoyin ƙafa, ko zogin da ke saura bayan ƙurajen nan masu fitowa a gefe ɗaya na jiki, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa. Jijiyar da ta lalace takan yi ta aika saƙon zafi alhali babu abin da ya taɓa wurin. Maganin yana rage shigar sinadarin kalsiyam a bakin jijiya, sai yawan saƙon ya lafa. Da wannan hanyar ce kuma yake taimaka wa wasu masu farfaɗiya, inda akan ƙara shi a kan wani maganin idan na farko bai wadatar ba. Gwiwar da guringuntsinta ya sauɗe ba ta cikin wannan lissafi. Kai, ko ciwon nan da ke tasowa daga ƙugu ya gangara ƙafa, wanda jijiyar saƙo ce aka danne, wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2017 ya nuna cewa Pregabalin bai fi kafson da babu magani a cikinsa rage shi ba, sai dai ya fi shi kawo jiri. Abin da tsohuwar nan ta samu barci ne, ba waraka ba.

Sai batun ƙoda. Wannan magani kusan duka ta fitsari yake fita, yadda ya shiga. Idan ƙoda na da rauni sai ya taru a jini, kafso ɗaya ya yi aikin biyu ko uku. Ƙodar tsoho kuwa tana raguwa da shekaru ko da bai taɓa jin ciwo ba, balle mai suga ko hawan jini. Takardar maganin ta ce babba mai lafiyar ƙoda yakan fara da miligiram 150 a rana, a raba sau biyu ko uku, kuma ba a wuce 600. Amma wannan ma'aunin mai lafiyar ƙoda ne, shi ya sa likita ke neman gwajin jini kafin ya yanke, ya kuma fara wa tsofaffi da ƙasa da haka. Gwaggo ba ta da hanyar sanin halin ƙodar maƙwabciyarta, mai kemis ma haka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin da tsohuwar ta yi ba da saninta ba. Pregabalin yana kwantar da ƙwaƙwalwa, Tramadol ma haka, kodin ma haka, da Diazepam, da giya. Idan suka haɗu sukan kwantar har da sashen da ke kula da numfashi. A watan Disamba na 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan, ta ambaci tsofaffi da masu ciwon huhu da masu shan magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Wanda aka ga numfashinsa ya yi ƙasa, ana tashinsa da ƙyar, ko leɓensa ya sauya launi, asibiti za a nufa da shi nan take, kada a ce a bari barcin ya sake shi. Haka wanda fuskarsa ko harshensa ya kumbura bayan sha. Jiri da gyangyaɗi da gani dishi-dishi kuwa sun zama ruwan dare a makonnin farko, don haka direba da ɗan acaba da mai aiki da inji su dakata har su ga yadda jikinsu ya karɓe shi. Wasu sukan yi ƙiba ko ƙafa ta kumbura. Kaɗan kuma sukan shiga ƙuncin zuciya har da tunanin halaka kai, wanda a gidajenmu ba a faɗa, sai dai a ce wane ya canza. Idan aka ga haka, likita ya kamata ya fara ji.

Kuskuren Gwaggo na biyu, wato dainawa rana ɗaya, shi na fi so ɗalibai su lura da shi. Jiki yakan saba da maganin, don haka sauka daga kansa sai a hankali, a rage kaɗan-kaɗan cikin aƙalla mako guda, bisa tsarin likita. Gwaggo ta sha wahalar kwanaki ne kawai. Ga mai farfaɗiya kuwa, yanke magani farat ɗaya, wannan ne ko wani daga cikin magungunan farfaɗiya, na iya jawo faɗuwa a jere ba tare da farfaɗowa a tsakani ba, kuma wannan yana kisa. Na taɓa samun ɗalibi da ya ajiye maganinsa ana saura mako guda jarrabawa, wai yana sa shi barci, yana so ya yi karatun dare. Ya haɗa rashin magani da rashin barci, waɗanda kowannensu shi kaɗai ya isa ya tayar da ciwon. A zauren jarrabawa ya faɗi. Abin takaici, abokansa suka watse suna gudun yawunsa, wani kuma ya taho da cokali zai cusa masa a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ba a kuma sa komai a bakin mai ita. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi a gefensa, idan jijjigar ta wuce minti biyar a kai shi asibiti. Da yaron nan ya gaya wa likitansa damuwarsa tun farko, da wataƙila an gyara masa lokutan shan.

Irin wannan shawara ita ake buƙata kafin azumi, a tsara sha tsakanin sahur da buɗa-baki tun Sha'aban bai ƙare ba. Mace mai shirin ɗaukar ciki, ko wadda ta ga alamarsa, ta sanar da likita da wuri, domin a 2022 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa shan Pregabalin a watanni ukun farko na iya ɗan ƙara hatsarin tawaya ga jariri. Amma kada ta yanke da kanta, musamman idan don farfaɗiya take sha. Wanda kuma ya manta bai sha ba, ya sha idan ya tuna, sai fa in lokacin na gaba ya kusa, kuma kada ya haɗa biyu don ramuwa.

Akwai wani ɓangaren da mu malaman jami'a muka sani, ko da ba mu cika faɗa ba. Tun bayan da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, masu neman maye ba su tuba ba, wasu ƙofofin suka nema, kuma Pregabalin na cikin abin da jami'an NDLEA ke kamawa. Ba mu kaɗai ba ne. Birtaniya ta sanya shi da Gabapentin cikin magungunan da doka ta tsaurara a watan Afrilu na 2019, saboda yawan shansu ba bisa ƙa'ida ba da mace-macen da suka biyo baya. A nan gida, ƙananan kemis na unguwa ba su da izinin sayar da maganin da sai da takardar likita, amma jikan tsohuwa ya sayo da fankon kati. Ni dai ra'ayina shi ne a matsa wa mai sayarwa, kada a wahalar da majinyaci. Mai suga da ke kwana ƙafa cikin ruwan sanyi yana da haƙƙin ya samu maganinsa a kantin magani mai rajista, da lambar NAFDAC a jiki, ba tare da ana yi masa kallon ɗan ƙwaya ba. Shi kuma ya kulle shi inda hannun samarin gida ba zai kai ba, ya riƙa ƙirga abin da ya rage.

Washegari na kai Gwaggo wurin likitanta. Ya sa aka duba ƙodarta, ya mayar da ita kan ɗaya da dare, ya ce sai bayan mako guda za a ƙara. Daga can muka biya ɗakin mata muka duba maƙwabciyar, wadda har yanzu ba ta fara takawa ba. A hanyar komawa Gwaggo ta yi shiru mai tsawo, can sai ta tambaye ni ko zan samo mata ƙaramin kwado, irin na akwati.